Kawu ya yi dakon atamfa da keken tserena

Jiya da la'asar na dawo gidanmu a unguwar Aziziyya, na tarar da kekena a ƙofa, an ɗaure masa dilar atamfa biyu.

Da keken nan nake tseren kan duwatsu a ƙasashen waje tun kafin in gama jami'a bana. Kwanana huɗu da dawowa daga Turkiyya, ranar Alhamis zan tashi zuwa wata gasa a Sifen. Birki kawai na fito da shi in gyara, na ajiye shi na ɗan fita.

Ashe Kawu, ƙanen Ummata, ne ya ɗauko kaya da shi daga kasuwar Bab Makka. Da na sauke kayan sai ga tsagewa a ƙarƙashin sirdi. Sau uku na auna, santimita huɗu.

Na ce, "Kawu, ya tsage fa!"

Ya ce, "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana, kai wa mai walda."

"Ba ƙarfe ba ne, kabon ne. Ba a yi masa walda."

"To wa ya aike ka sayen keken roba?"

Umma ta harare ni, na haɗiye sauran maganar. In ban samu wani keken kafin Alhamis ba, babu ni a gasar.

Ku gaya mini, in babba ya yi maka ɓarna kuma aka hana ka magana, ina kake kai fushin?