Ƙullutun Ƙafar Babanmu

Babanmu mai ɗinkin takalma ne, kuma tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: wai takalminsa bai taɓa cin ƙafar kowa ba. Takalmi mai siririn baki yake yi, mai tsini. In mai saye ya yi kukan matsi, sai ya ce, "Ƙafarka ce ba ta da tarbiyya, za ta koya."

To, tasa ce ta ƙi koya. Wani ƙullutu ya fito masa a gefen ƙafar dama, gindin ƙaramin yatsa. Ya ɓoye shi cikin safa, ɗingishin kuma ya ɗora wa gwiwa. Da azaba ta ishe shi ya rufe shago, ya ɗauki magagarin da yake goge dunduniyar takalmi ya hau gurzar wurin, a zatonsa kanta ce. Wuri ya kumbura, ya yi ruwa.

Ni, autarsa, na kai shi asibiti. Ya ce wa likita tuntuɓe ya yi.

"Baba, tuntuɓe ba ya barin layi-layi haka," in ji ta. Ta ce ƙashi ne ya karkace. In gyambon ya warke za a yi tiyata, a rage shi, a daidaita. Sai ta ɗaga takalminsa. "Irin wannan ke ƙara tsananta shi. Wane mugun ne ke ɗinka muku?"

"Saya na yi," ya ce, kansa a ƙasa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Uban da ke buga sunansa a ƙasan kowane takalmi, yau ya ƙi aikin hannunsa a gabana.

Bayan tiyata na same shi kwance, ƙafa naɗe da bandeji, an ɗora ta kan matashi.

"Auta, ƙafata ce dai ba ta da kyau, ko? Ke ai tun kina rarrafe nawa kike sawa."

Na ja ƙafafuna baya.

"Cire in gani."

Na cire. Nawa ƙullutun ya yi jawur, ƙafa biyu kuwa.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Nauyinka nake ji, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya fuskarsa bango.

"Ga silifas ɗina nan ƙarƙashin gado," ya ce. "Da su za ki koma gida."