Jinin da Ya Zama Madara

Har gobe ban manta da ranar da na zubar da jinin Nafisa sau biyu ba. Lokacin yankan riɗi ne, shekarar da yaƙi ya koro mutanen Khartum suka cika Gadarif. Ina da shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin gwajin jini na asibitinmu, har ina jin babu abin da zai ba ni mamaki.

Da hantsi aka kawo ta daga ƙauyen Simsim a bayan tarakta, da cikin wata takwas, fuska da ƙafafu a kumbure. Daya, wato ungozoma, ta auna ta tarar jininta ya hau. Daktora Ihsan, likitar mata, ta ce a duba hanta da ƙoda kafin ta yanke shawarar fiɗa.

Ga yadda aikin yake: a zuba jini a kwalba, inji ya juya shi, ja ya kwanta ƙasa, ruwa mai kalar fitsari ya taso sama. Wannan ruwan muke gwadawa. Da na ɗago kwalbar Nafisa, sai na ga fari fat, kamar madara.

Nan take na samo mai laifi. Hajja Zainab ce ke wanke mana kwalabe, dattijuwa mai raunin ido.

"Ya Hajja, sabulu kika bari a ciki!"

"Wallahi ya waladi, ɗana, sau uku na ɗauraye."

Ban saurare ta ba. Na zubar, na koma na sake ɗibar jini. Ya sake fitowa fari. Na ƙara yi mata tsawa a gaban mutane, na zubar. Sai a karo na uku, da kwalba sabuwa dal daga leda, da ya sake fitowa fari, na gane ba sabulu ba ne. Awa guda da rabi ta wuce.

Na ruga wurin Daktora. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga.

"Kitse ne. Tun yaushe ka ga wannan?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wasu masu ciki jikinsu ba ya iya ƙona mai yadda ya kamata, sai ya taru a jini, kuma yakan zo tare da hawan jini, ya taɓa hanta. Uwar Nafisa na gefe, ta ce kullum da safe tana ba ta kofin man riɗi don haihuwa ta zo da sauƙi, kumburin ma ƙiba suka ɗauka, har ana yi musu barka.

Ba ta rufe baki ba sai ungozoma ta ƙwala kira. Nafisa ta fara jijjiga.

An yi fiɗa kafin azahar. Nafisa ta rayu. Jaririn, namiji ne, bai yi kuka ba.

Da la'asar na tambayi Daktora ko da na kawo kwalbar farko da ya rayu. Ta ce, "Allahu a'alam, Usman." Na tsaya ina jira ta ce a'a. Ba ta ce ba.

Na je na durƙusa gaban Hajja Zainab. "Ma'alesh, ba komai," ta ce, ta ci gaba da wankinta.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: in jini ya nuna muku abin da ba ku taɓa gani ba, ku kai wa likita a guje. Ni neman mai laifi na tsaya yi, kuma har yau ina lissafin awa guda da rabin nan.