Malam Lawal, mai kunna mani rajista

Yau Talata. Ƙafafuna a kumbure suke, tarin dai da sauƙi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iso mani: Malam Lawal ya rasu. Ina cikin yi mashi faɗa a zuciya aka bugo wayar.

Ɗalibina ne tun ina hedimasta a wata firamare wajen Ruwan Godiya. Da 'yan bindiga suka tashi makarantar, tsofaffin rajistoci suka dawo hannuna a buhu, gara ta fara cin su. Lawal ya kwafe su kaf cikin databes, wato ma'ajiyar bayanai, a kwamfutarsa ta gida a Faskari, ya haɗa ta ta intanet da shafin manhajar Ekzel a wata tsohuwar laftof da ya kawo mani nan Kankara. In tsohon ɗalibi ya zo neman shaidar karatu, sai in danna rifresh, madannin sabunta shafi, sunaye su sauko, in rubuta mashi takarda.

Sau nawa na kira shi haɗin ya yanke?

"Baba Hedimasta, ka kunna data?"

"Na kunna, Lawali. Ni ka maida yaro?"

"To don Allah sake kunnawa in ji."

Kuma ban kunna ba.

Wata rana wani dattijo ya zo daga Sabuwa, muka tambayi databes sunansa, shafi ya dawo fayau. Na ce injin ya lalace. Lawal ya ce a waya, "Haɗi lafiya lau, Baba. Tambayarmu ce ba daidai ba. Tambaye shi, shi aka rubuta ko shi aka turo?" Ashe yayansa ne mai gari ya rubuta a makaranta, uban ya hana, ya turo ƙane a madadinsa. Shekara bakwai yana amsa sunan yayansa a aji, a gabana. Muka nema da wancan sunan, sai ga shi. Dattijon ya yi kuka.

Ganinmu na ƙarshe ya rame. Ya sabunta mani fasawod, kalmar sirrin shiga, ya rubuta shi da manyan baƙaƙe saboda idona, ya ci tuwona da ya huce.

Yau na danna rifresh sau biyar, ba haɗi. Mai ɗakinsa, Hajiya, ta faɗa mani a waya cewa shafina ba ya samun komai sai kwamfutarsa na kunne. Kullum bayan Asuba shi ke kunna ta, ya ce, "Hedimasta zai buɗe rajista." Da ciwo ya kwantar da shi, ya nuna mata inda za ta danna. Ban taɓa sani ba.

Rajistocin takarda sun gama ruɓewa. Sunayen yaran nan suna cikin kwamfutar nan kaɗai. Wanda ke kusa da iyalinsa, don Allah ya roƙe su kada a goge ta, kada a sayar.

Allah Ya gafarta maka, Lawali, Ya haskaka kabarinka, Ya dubi bayanka. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.

Mai mashin da ya ce zai kai ni gaisuwa Faskari bai zo ba. An kira La'asar, na cire hula na ajiye.