Baba Zacchaeus Mai Ɗanɗana Kunu

A unguwarmu a Azare, mace ba ta bugun ƙirji ta ce ta iya kunun zaki sai Baba Zacchaeus ya ce ta iya. Ni Gali tela ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni.

Mutumin Bogoro ne. Aikin gwamnati ya kawo shi ƙasar Katagum yana saurayi, yana tuƙa motar ofis, ya yi ritaya bai koma ba. Mahaifiyarsa burkutu take dafawa a ƙauye, a gindin tukwanenta ya tashi. Yakan ce a can kowace mace da hannunta: wannan jar dawa take so, waccan tana barin tsiro ya daɗe, kuma ko an rufe masa ido zai faɗi gidan da ƙwarya ta fito. Da zai auri Mama Hanatu, 'yar zumuntar matan coci, ta ce ya zaɓa, ko ita ko ƙwarya. Ita ya zaɓa, amma harshen nan na gado bai bar shi ba.

Kunun zaki da burkutu kuwa dangi ne, duka hatsi ne da tsiro. Kunu in ya daɗe cikin zafi sai ya yi tsami, daga tsami ya fara tashi, kuma babu Musulmar da take so ta shayar da mutane abin da ya kama hanyar giya. Mu da ba mu taɓa kurɓa ba, ina muka san iyakar? Shi ya sani. Haka matan unguwa suka fara kai masa kofi kafin su fitar da kununsu kasuwa, tun suna tambayar ko ya tashi har suka koma tambayar ko ya yi daɗi.

Baba kuwa ba ya yi wa kowa kara. Zai kurɓa, ya riƙe a baki, ya ɗaga kai yana kallon darbejiyar ƙofar gidansa. Ya taɓa ce wa Saudatu, mai kunu a bakin tasha, cittarta faɗa ta zo yi. Wata daga Zadawa ya ce mata sukari ta dama, ta yayyafa gero. Na yayata Dijatu kuwa, wadda take zaƙaƙa nata da busasshen dankali da tsiro kaɗai, yakan shanye har ƙasan kofi ya yi shiru, kuma Yaya Dijatu ta fi jin daɗin shirun nan fiye da cinikin ranar.

Bara ya yi wani mugun zazzaɓi. Ya tashi, ya koma kujerarsa, amma na lura sharhinsa ya gajarce. Kowane kofi sai ya ce, "Ya yi, ya yi." Na fara jin haushi, na zaci tsufa ya sa shi lallaɓa mata. Wata rana ya kawo mini wando in rage masa ƙugu, ya zauna a benci ya daɗe bai tashi ba.

"Tela," ya ce, "harshena ya mutu. Kunu da ruwan pampo duk ɗaya nake jin su. Ko Hanatu ban gaya wa ba."

Na ce ai sai ya faɗa wa matan, ba laifi ya yi ba.

"Yarana suna ta damuna in koma Jos wajensu. Kullum ina ce musu ina da aiki a nan. Ranar da kofunan nan suka daina zuwa, ni baƙo ne a Azare."

Tausayinsa ya kama ni, na yi masa alkawarin bakina zai yi shiru.

Da bazara Zulaiha, 'yar Yaya Dijatu, ta haihu, jikan fari. Ana gobe suna Yaya ta dama kunu cikin ƙatuwar randa, don baƙi za su zo daga Jama'are da Gololo. Aka ɗauke wuta, mai ƙanƙara kuma ya yi mata alkawarin iska. Da hantsi, bayan an raɗa suna, ta ɗanɗana ta ji ɗan tsami, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta ce in kira mata Baba. Na tafi ba da son raina ba, don na san abin da ba ta sani ba.

Ya shigo tsakar gida, mata cike, har da Mama Hanatu tana taya su tuƙa tuwo. Aka miƙa masa kofi. Ya kurɓa, ya riƙe, ya ɗaga kai yadda ya saba. Da ya ce "ya yi," da babu mai musa masa, ni ma da ban tona ba. Sai ya ajiye kofin a ƙasa.

"Ku yi mini shiru kaɗan," ya ce.

Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗage faifan da aka rufe kunun da shi, ya kara kunnensa a bakin randar. Daga baya ya gaya mini haka mahaifiyarsa take yi: tsiro in ya fara aiki yana yin wata 'yar ƙara siririya, kamar mai a kasko kafin ya yi zafi sosai. Ya daɗe a haka sannan ya ɗago.

"Hajiya Dijatu, kar ki ba kowa. Ya fara tashi."

"Baba, da kunne kuma?" ta ce. "Ba ka ji a baki ba?"

"Ban ji ba, 'yata. Tun zazzaɓin bara ban ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Duk 'ya yi' da na ce muku, ban san me na sha ba. Ku gafarce ni."

Yaya ta kalli randar, ta kalle shi, idonta ya cika. Ta ce in kama mata, muka tuntsurar da kunun a rariya, mata suka ɗora tukunyar zoɓo.

Ni na raka shi gida, Mama Hanatu tana biye da mu. A ƙofa ya tsaya ya kasa kallonta.

"Hanatu, ke ya kamata in fara gaya wa."

"Baban Kevin, ai na sani," ta ce. "Tun ranar da na manta ban sa gishiri a miyar kuka ba, ka cinye tas ka ce ta yi daɗi. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Washegari ya fito ya zauna a kujerarsa ba tare da ya sa ran kowa ba. Ina cikin ɗinki na hango Saudatu ta taho da tire, kofi biyu a kai. Ta miƙa masa ɗaya, ta leƙa zaure ta kira Mama Hanatu ta ba ta ɗayan. Mama ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta sunkuya ta raɗa masa a kunne. Baba ya gyara zama, ya kalli darbejiya.

"Saudatu," ya ce, "har yanzu cittar nan taki ba ta daina faɗa ba."