Inci Biyar da Gwiwar Wanda

A garejin wani mai walda a bakin garin Yuma, wani dattijo mai farin gashin baki yana shafa jikin wata tirela mai kama da ɗaki da mota ke ja, wadda suke kwana a cikinta shi da matarsa. Ya sa an ciro sifirin daga ƙarƙashin sandar tayoyi an ɗora a samanta, domin tirelar ta ƙara tashi daga ƙasa da inci biyar, duwatsu su daina bugun cikinta. Idanunsa suna kan tsaunukan da ke rawa cikin zafin rana. Da alama akwai wani tafki a can da ya daɗe yana alkawarin kai matarsa.

Matar, mai suna Wanda, ta ɗaga ƙafa za ta shiga, amma matakalar ta fi ƙarfin gwiwarta.

"Orville, ka auna dutse, ka auna taya, ni kaɗai ka manta!"

"Haba Wanda, wa ya isa ya auna ki?"

Sai ya durƙusa a hankali cikin yashi, ya kafa mata gwiwarsa guda. Ta dafa kansa ta taka, ta shige tana dariya. Daga ciki ta miƙo masa hannu, domin shi ma tashin ya gagare shi.