Ramukan Gwaggo Tara, Saura Takwas

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, Allah Ya karɓi ran gwaggona, ƙanwar mahaifina, bayan jinyar mako uku a asibiti. Shi Ya ba mu aronta, Shi kuma Ya karɓi abinSa. Shekarunta hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki ta yi su tana kula da ɗakin gwaje-gwajen ilimin halittu a kwalejin horar da malamai. Ɗalibai suna kiranta Gwaggo Tururuwa, ita kuwa tana amsawa.

Gwaggo, na so in rubuta wannan hankalina kwance, amma ban samu hali ba. Ranar Litinin mai zuwa kwamitin gine-gine zai sake duba filin da kika yi shekara ashirin kina karewa, kuma wannan karon ba kya nan.

Filin yana bayan ɗakin gwajin naki. Mai wucewa ba ya ganin komai sai fako da tsakuwa da ramuka tara, inda ƙasa ta lotsa tun kafin a gina kwalejin. Mafi zurfinsu bai wuce ƙirjin mutum ba. Ranar da na kawo miki takardar ɗaukata aiki a gidan jarida, ko kallon takardar ba ki gama ba kika ja ni can.

"Ke mai alƙalami, cire takalmin nan," kika ce. "Ba taron manema labarai aka zo ba."

A sama ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Da na gangara babban ramin, na ji sanyi da laima, ƙafata ta nutse cikin busasshen ganye. Kika yi dariya kika ce, "Taku bakwai kika yi, kin canja gari."

Daga nan kika nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba. Tururuwar da take jan hatsi a kan fako daban, cinnakan da yake bin gefen da rana take fara bugawa daban, na gefen inuwa ma daban. A can ƙasa kuma akwai wasu ƙanana masu tafiya a hankali, waɗanda idan suka hau sama zafi zai kashe su. Haka tsirran ma: ƙarangiya a baki, gansakuka da masu faɗin ganye a gindi. Kikan binne kofunan roba daidai da ƙasa, ki zuba ruwan sabulu, bayan kwana biyu ki kwashe abin da ya faɗa ki duba a madubin ƙara girma. Tururuwa iri ashirin da uku kika samu a filin. Takwas daga ciki ba ki taɓa ganinsu a wajen ramukan ba.

Dokarki ɗaya ce, kada a yi shara a wurin. "Ganyen nan rufin ɗakinsu ne," kikan ce. "Wa zai yarda a yaye masa kwano da rana tsaka?"

Kan wannan doka kuka yi shekaru kuna fafatawa da shugaban masu sharar kwalejin, dattijon da kowa yake kira Mai Lambu. Shi yana ce miki Uwar Ƙwari, ke kina ce masa Sarkin Tsintsiya. Amma da matarsa ta karye a ƙugu, ke ce kika yi wata biyu kina biyawa gidansu bayan an tashi aiki, ki yi mata wanka, ki canja mata shimfiɗa. Ko mu a gida ba mu sani ba sai bayan rasuwarki. Haka ɗaliban da suka faɗi jarrabawa: ran Asabar kikan buɗe musu ɗakin gwaji, ki yi musu faɗa na minti biyar, ki koyar da su na awa uku.

Kwana uku da binne ki, Mai Lambu ya ji cewa abokan aikinki za su je su ga filin don tunawa da ke. Ya tara mutanensa tun da safe. Suka shiga babban ramin, suka sassabe shi tas, suka share ganyen suka ƙone, suka jera fararen duwatsu a bakinsa. Da na je kwashe littattafanki, ya tare ni idonsa cike da hawaye.

"'Yata, zo ki ga yadda na gyara mata wurinta. Shekara ashirin tana hana ni don kada in wahala. Yau dai na yi mata."

Na cire takalmi na gangara. Ƙasar ta yi zafi kamar ta sama. Toka ce kawai, ko tururuwa ɗaya ban gani ba. Na faɗa masa gaskiya da taushin murya iyakar iyawata. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya riƙe kai.

"Ashe da gaske take? Wallahi na ɗauka tsokanar da muka saba ce."

Ban ga laifinsa ba, kuma na san ke ma da faɗan minti biyar za ki yi masa. Amma ga abin da yake damuna. Sau uku kwamitin nan yana zuwa da niyyar kawo katafila a baje filin a yi wurin ajiye motoci, sau uku kina mayar da su. Ba da lacca kike yi ba. Babban ramin nan kike kai su, tunda shi ya fi kusa da hanya, ki sa manya da manyan riguna su tuɓe takalmi su gangara. Ƙafarsu ce take gamsar da su. Ran Litinin, abin da za su fara gani rami ne shararre fes, wanda ba shi da amfanin da ya wuce a cike shi.

Na karanta littattafanki duka goma sha ɗaya. Zan iya karanta wa kwamitin alƙaluman da kika rubuta a ciki, amma ina tsoron su saurara cikin ladabi, su yi mana ta'aziyya, su sa hannu a takarda. Ban kuma san ko ramin da aka share zai farfaɗo ba, ko shekara nawa zai ɗauka. Ke ce wadda zan tambaya.

Mai Lambu ya kulle tsintsiyoyi da manjagara a ɗakin ajiya, makullin yana aljihunsa. Ya ce shi zai shige gaba ya kai su rami na biyu, ya faɗa musu da bakinsa ɓarnar da ya yi. Ban sani ba ko za su yarda su ƙara taku hamsin a cikin rana saboda maganar mai shara. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya taɓa zama a ɗakin gwajin Gwaggo, ko malami ne yanzu ko wani aiki yake yi, ya zo bayan ɗakin ran Litinin da ƙarfe goma na safe.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa tausayin da kika nuna wa manya da ƙananan halittunSa ya tsaya miki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki da 'ya'yanki uku, da mahaifina wanda har yau bai iya ambaton sunanki ba, da abokan aikinki, da Mai Lambu da iyalinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kuma tausasa zukatan waɗanda za su yanke hukunci a kan ramuka takwas ɗin da suka rage.