Madannin Gahawar Jelani

Halliru mai walda ya tsufa a bakin wuta. A Goronyo duk wanda garmarsa ta karye ko injin ban-ruwansa ya tsage, rumfarsa yake nufa, ya sha faɗa, ya tafi da aiki mai kyau. Bara hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya shanye. 'Ya'yansa suka karɓi rumfa, shi kuma aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ciwon bai ci masa rai ba kamar yawan sannu. Ko cokali ya ɗaga sai a yaba masa kamar yaron goye, har ya fara yarda cewa shi da aiki sun rabu ke nan.

Taubashinsa Jelani mai shayi ne a bakin kasuwar albasa. Wani direba ya sayar masa da tsohon injin gahawa, amma babu ƙarfen da ake danne garin gahawar da shi a cikin ɗan kofin injin. Da gindin kwalba yake dannawa, gahawar tana fitowa salam kamar ruwan wanke tukunya. Ya zo zaure, ko jiki bai tambaya ba, ya ajiye kofin ya ce a yi masa madanni, tun da zaman banza ake yi.

Halliru ya sa aka tono masa bawul ɗin mataccen injin niƙa, wani ƙarfe mai faffaɗan kai da siririyar wutsiya. Ya danne shi da ƙafa, ya kama magagari da hagu, ya shiga rage faɗin kan. Hagu ba ta san aiki ba, ta zame ta yanke shi, bai fasa ba. Da kan ya shiga kofin, ya cusa wutsiyar cikin ƙaton noti don a ji daɗin riƙo, ya aika. Ya san abin da zai biyo baya: madalla, Baba ya yi ƙoƙari.

Washegari sai ga Jelani, rai a ɓace, ya jefa ƙarfen kan tabarma.

"Wanga mi ne ne? Gindin ya karkace, ruwa gefe guda sukai ta bi. Gyara min shi kahin ranar kasuwa, in ko ba ka iyawa ka hwaɗi."

Halliru ya ɗaga ƙarfen ya auna da ido. Gaskiya ne, a karkace yake. Daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa.

"Kauce mini daga haske," in ji shi, "ka tsaya kaina kana ɓata min aiki."